Rashin lafiya da jinya a tafiyar binciken Lewis da Clark

Tafiyar Lewis da Clark ita ce tafiyar bincike ta farko da gwamnatin Amurka ta tura ta ƙasa, daga yankin Kogin Mississippi zuwa gaɓar Tekun Pasifik. Ayarin ya tashi daga kusa da garin St. Louis ranar 14 ga watan Mayu 1804, ya dawo ranar 23 ga Satumba 1806, bayan tafiyar kimanin kilomita 13,000 a jirgin ruwa, a kan doki da kuma a ƙafa. Babu likita ko ɗaya a cikinsa. Shugabannin ayarin biyu, Meriwether Lewis da William Clark, hafsoshin soja ne, kuma su ne suka riƙa duba marasa lafiya. An sha fama da gudawa, zazzaɓi, marurai, daskarewar gaɓoɓi, cututtukan jima'i da raunuka iri-iri, amma mutum ɗaya kaɗai ya mutu a cikin ayarin, wato Saje Charles Floyd. Da yake shugabannin da wasu daga cikin sojojin sun riƙa rubuta abin da ya faru kusan kullum, rubuce-rubucensu sun zama babbar madogara ga masu nazarin yadda ake jinya a irin waɗannan tafiye-tafiye a farkon ƙarni na 19.

Likitanci a wancan zamani

A shekarar 1804 ba a san cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa ciwo ba. Wannan ilimin bai tabbata ba sai a rabin ƙarshe na ƙarnin, ta hanyar ayyukan Louis Pasteur da Robert Koch. Maganin sa barci don yin tiyata ma sai a 1846 aka fara amfani da shi a bainar jama'a. Likitocin Turai da Amurka sun ɗauka cewa ciwo yana zuwa ne daga rashin daidaito a cikin jiki, ko daga taruwar wani mugun abu a jini da hanji. Saboda haka magani a wurinsu shi ne a fitar da abin: a tsaga jijiya a zubar da jini, a ba da maganin wankin ciki ko na amai, ko a sa mutum gumi. Ko George Washington, shugaban ƙasar na farko, an zubar masa da jini mai yawa a ciwon ajalinsa a watan Disamba 1799.

Babban mai wannan ra'ayi a Amurka shi ne Dokta Benjamin Rush na birnin Filadelfiya, ɗaya daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardar shelar 'yancin kan ƙasar a 1776. Ya yi suna a lokacin annobar zazzaɓin shawara ta 1793, inda ya riƙa zubar wa marasa lafiya jini yana ba su maganin wankin ciki mai ƙarfi.

Shiri da akwatin magani

A farkon shekarar 1803 Shugaba Thomas Jefferson ya tura Lewis Filadelfiya don ya ɗan koyi ilimin tsirrai, taurari da lafiya a wurin masana. A nan ya gana da Rush, wanda ya rubuta masa wasu ƙa'idojin kiyaye lafiya. Daga cikinsu akwai cewa wanda ya ji jikinsa ba daɗi ya kwanta ya huta, a sa tufafin ulu a jikin fata, a wanke ƙafa da ruwan sanyi kowace safiya, a rage shan barasa, kuma a sha ƙwayar wankin ciki da zarar ciki ya ɗaure. Lewis yana da wani ilimin kuma da ya taso da shi a gida, domin mahaifiyarsa, Lucy Marks, sananniyar mai maganin gargajiya ce da ganyaye a jihar Virginia. Shi da Clark duk sun saba da ɗan abin da hafsan soja kan yi wa mutanensa a bakin daga, kamar ɗaure rauni da gyara gocewar ƙashi.

Lewis ya kashe dala 90 da santi 69 wajen sayen magunguna da kayan aiki. Mafi tsada a ciki shi ne garin ɓawon itacen sinkona na ƙasar Peru, kimanin kilo 7, wanda ake sha don zazzaɓi. Ɓawon yana ɗauke da kwinin, ko da yake sai a 1820 aka iya tace kwinin ɗin daga cikinsa. Akwai kuma ƙwayoyin Rush guda 600, waɗanda aka haɗa da kalomel, wani gishiri na zaiba, da jalaf, saiwar wata shuka ta ƙasar Meziko. Ƙwayoyin suna wanke ciki da ƙarfin gaske, har aka yi musu laƙabi da tsawa. Sauran kayan sun haɗa da ofiyom da ruwansa da ake kira lodanom don rage zafin ciwo, man zaiba don ciwon tunjere, maganin amai, gishirin tutiya da na dalma don haɗa ruwan wanke ido, ƙananan asake na tsaga jijiya, sirinji da maɗaurin tsayar da jini. Ban da wannan ya sayi busasshen romo kusan kilo 88 don ranar yunwa.

Jefferson ya kuma umarci Lewis ya tafi da ruwan rigakafin cutar agana, wanda Edward Jenner ya gano a 1796, ya koya wa 'yan asalin ƙasar amfani da shi. Tun kafin a fara tafiyar sosai Lewis ya rubuto cewa wanda ke hannunsa ya lalace, don haka ba a yi wannan aikin ba.

Hawan Kogin Missouri da rasuwar Floyd

Watannin farko an yi su ne ana tura babban jirgi da ƙananan jirage biyu ana hawan Kogin Missouri, wani lokaci da filafili, wani lokaci da gora, wani lokaci kuma a ja da igiya daga gaɓa. Mutanen suna shan ruwan kogin mai laka, suna cin nama mai gishiri ko wanda ya fara lalacewa, tufafinsu kullum a jiƙe. Cikin 'yan makonni atini da marurai suka yaɗu a tsakaninsu. Clark yakan yi wa marurun sakiya ya ɗaura magani. A ranar 4 ga Yuli 1804 maciji ya sari Joseph Field a ƙafa, Lewis ya ɗaura masa ɓawon sinkona, ya kuwa warke. Bayan kwana uku zafin rana ya kayar da Robert Frazer, aka zubar masa da jini. Sauro ya dame su ƙwarai, suna shafa kitse a jiki suna kwana a gidan sauro.

A ƙarshen watan Yuli Saje Floyd, matashi ɗan kimanin shekara 22, ya rubuta a littafinsa cewa ya yi rashin lafiya amma ya sami sauƙi. Ranar 19 ga Agusta ciwon ciki mai tsanani ya dawo masa, komai ya shiga cikinsa sai ya amayar. Washegari, 20 ga Agusta 1804, ya rasu. Shugabannin sun kira ciwon da murɗawar ciki ta matsarmama. Yawancin likitocin da suka yi nazarin alamun daga baya suna ganin afendis ɗinsa ne ya fashe, ruɓa ta bazu a cikinsa. In haka ne, babu likitan da zai iya cetonsa a lokacin ko a Filadelfiya yake, domin sai a shekarun 1880 aka fahimci ciwon sosai aka fara yi masa tiyata. An binne shi a kan wani tudu kusa da inda garin Sioux City na jihar Iowa yake yanzu, aka sa wa wani ƙaramin kogi da ke wurin sunansa. Sojojin suka zaɓi Patrick Gass ya maye gurbinsa.

Hunturu a ƙasar Mandan

Ayarin ya yi hunturun 1804 zuwa 1805 a sansanin da suka gina kusa da ƙauyukan ƙabilun Mandan da Hidatsa, a jihar Dakota ta Arewa ta yanzu. Ranar 17 ga Disamba sanyi ya kai kusan digiri 43 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Mafarauta da masu gadi sun riƙa dawowa da yatsu da kunnuwa a daskare, ciki har da York, bawan Clark baƙar fata da ke cikin tafiyar. Maganin da ake yi shi ne a tsoma gaɓar a ruwan sanyi har ta saki. A watan Janairu aka kawo wani yaro ɗan ƙabilar, mai kimanin shekara 13, wanda ya kwana a daji ƙafafunsa suka daskare. Da yatsun suka mutu, Lewis ya yanke su, ba tare da maganin sa barci ba, kuma yaron ya rayu ya koma gida. A wannan sansanin ne kafaɗar Saje Nathaniel Pryor ta goce, sai a gwaji na huɗu aka mayar da ita, kuma ta ci gaba da goce masa har ƙarshen tafiyar.

Tunjere da ciwon sanyi sun bayyana a tsakanin sojojin a wannan lokaci, ta hanyar mu'amala da matan ƙauyukan, waɗanda su ma cutar ta iso musu ne ta hannun fataken Turawa. Ana shafa wa mai tunjere man zaiba ko a ba shi kalomel har sai yawu ya riƙa zuba daga bakinsa, dasashinsa ya kumbura. A lokacin ana ɗaukar wannan alamar cewa magani yana aiki, alhali alama ce ta gubar zaiba. Ƙurajen tunjere kan ɓace da kansu bayan wani lokaci ko ba a yi magani ba, shi ya sa ake zaton an warke.

Ranar 11 ga Fabrairu 1805 Sacagawea, wata yarinya 'yar ƙabilar Shoshone, matar tafinta Toussaint Charbonneau, ta yi doguwar naƙuda ta haihuwar fari. Wani tafinta, René Jusseaume, ya ba da shawarar a farfasa ƙararrawar wutsiyar maciji a jiƙa a ba ta. Lewis yana da ita, ya bayar, kuma ba a yi minti goma ba ta haifi ɗa namiji, Jean Baptiste. Lewis ya rubuta abin da ya gani, amma ya nuna bai gamsu cewa maganin ne ya yi aikin ba. Da ayarin ya tashi ranar 7 ga Afrilu, mutum 33 ne, har da uwar da jaririnta.

Daga mafaɗar ruwa zuwa duwatsu

A watan Yuni 1805, kusa da manyan mafaɗan ruwa na Missouri a jihar Montana ta yanzu, ciwon ciki da zazzaɓi suka kama Lewis a lokacin da ya yi gaba ba tare da akwatin magani ba. Sai ya sa aka dafa masa rassan wata bishiya mai 'ya'ya masu bauri har ruwan ya yi baƙi, ya sha sau biyu. Washegari ya tashi ya ci gaba da tafiya.

Ciwon Sacagawea a wannan watan ya fi tsanani. Ta yi zazzaɓi da ciwon mara, Clark ya zubar mata da jini fiye da sau ɗaya, amma jikinta ya ƙara rikicewa, bugun jininta ya yi rauni, yatsunta suna karkarwa. Hankalin shugabannin ya tashi, don tausayinta da na jaririn, da kuma sanin cewa da ita suke fatan yin magana da Shoshone su sayi dawakan ƙetare duwatsu. Lewis ya daina zubar da jinin, ya ba ta ɓawon sinkona da lodanom, ya sa aka riƙa ɗebo mata ruwan wani marmaro mai farar wuta da ke tsallaken kogi. Cikin 'yan kwanaki ta farfaɗo. Wasu likitoci na ganin ruwan da ta sha da yawa ne ya mayar mata da abin da jikinta ya rasa.

Kewaye mafaɗan ruwan ya ɗauke su kusan wata guda suna jan kaya a tudu, nisan kimanin kilomita 29. Ƙayar wata shuka mai kauri tana huda takalmansu na fata, ƙanƙara ta taɓa sauko musu har ta fasa wa wasu kai. A ƙarshen Yuli zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi ya kwantar da Clark, ya sha ƙwayoyin Rush biyar a lokaci guda.

A watan Satumba suka ƙetare duwatsun Bitterroot cikin dusar ƙanƙara. Babu namun dajin farauta, sai suka koma kan busasshen romo, suka kuma yanka 'yan duƙushi uku. Da suka sauko a galabaice, mutanen ƙabilar Nez Perce suka karɓe su, suka ba su busasshen kifin salmon da gurasar saiwar wata shuka mai suna kamas. Cikin da ya saba da nama, ya kuma sha yunwa, bai karɓi wannan abincin ba. Kusan kowa ya kamu da kumburin ciki, amai da gudawa, wasu suka kwanta a gefen hanya, Lewis da ƙyar yake zama a kan doki. Clark ya raba musu ƙwayoyin wankin ciki, abin da a ilimin yau zai ƙara wa mai gudawa rauni ne kawai. Sun fi mako guda a haka, kuma da Nez Perce sun so hallaka su a lokacin, ba mai iya ɗaga bindiga. Daga nan suka fara sayen karnuka suna ci.

Gaɓar teku

Sun isa Tekun Pasifik a watan Nuwamba 1805, suka gina sansanin Clatsop kusa da bakin Kogin Columbia, suka zauna har 23 ga Maris 1806. Gass ya rubuta cewa kwana 12 kaɗai ba a yi ruwan sama ba a duk zamansu a gaɓar. Mura, tari da ciwon gaɓoɓi suka yi yawa, ƙuma ta hana barci, nama yana ruɓewa kafin a gama kyafe shi. An sake yi wa mutum biyu, Silas Goodrich da Hugh McNeal, maganin zaiba. William Bratton, wanda ke aikin dafa ruwan teku don samun gishiri, ya kamu da ciwon baya da ya kai shi ga kasa tafiya.

Clark a matsayin mai magani

A hanyar dawowa kayan musayarsu sun kusa ƙarewa, sai magani ya zama kuɗinsu. Tun a shekarar da ta wuce Clark ya shafa wa wani mutumin Nez Perce mai a gwiwa, mutumin ya sami sauƙi ya baza labari. Saboda haka a watannin Afrilu da Mayu 1806 mutanen Walla Walla da Nez Perce suka riƙa zuwa wurinsa, wata rana har mutum 40 zuwa 50. Mafi yawansu ciwon ido ke damunsu, yana ɗiga musu ruwan tutiya da dalma. Ya ɗora karayar hannu, ya yi wa matar wani basarake sakiya a baya, ana biyansa da dawaki, karnuka da saiwoyi. Lewis ya amsa a rubuce cewa akwai ɗan ruɗi a cikin lamarin, amma ya ce halin da suke ciki ya sa dole, kuma suna kiyaye kada su ba kowa abin da zai cutar da shi.

A zangon da suka yi kusan wata guda suna jiran dusar ƙanƙara ta narke a duwatsu, John Shields ya ba da shawarar a yi wa Bratton sirace irin wanda 'yan asalin ƙasar ke yi. Aka haƙa rami mai zurfin fiye da mita ɗaya, aka hura wuta a ciki har ya yi zafi, aka kwashe garwashin, aka zaunar da shi aka rufe da barguna yana yayyafa ruwa. Bayan minti ashirin aka fito da shi aka tsoma a ruwan sanyi sau biyu, aka mayar da shi, yana shan shayin wata irin na'a-na'a ta daji. Washegari Bratton ya taka da ƙafarsa bayan watanni yana fama. An yi wa wani basaraken Nez Perce da gaɓoɓinsa suka shanye shekaru irin wannan siracen sau da yawa, ya fara motsa hannuwa da ƙafafu. A wannan zangon kuma wuyan jariri Jean Baptiste ya kumbura da zazzaɓi, aka riƙa ɗaura masa dafaffiyar albasar daji, daga baya aka shafa masa haɗin ƙaro, kakin zuma da kitse, ya warke.

Rauni mafi haɗari ya zo ne dab da ƙarshe. Ranar 11 ga Agusta 1806, wajen farauta, Pierre Cruzatte, mai ido ɗaya wanda ɗayan ma ba ya gani da nisa, ya harbi Lewis bisa kuskure. Harsashin ya ratsa saman cinyarsa ta hagu ya goge ta dama, bai taɓa ƙashi ko babbar jijiya ba. Lewis ya cusa tsumma a ramin don ruwan ciwo ya riƙa fita, daga baya Clark ya ci gaba da wanke masa. Ya yi tafiya a kwance rub da ciki a cikin jirgi, ya warke cikin kimanin wata guda.

Dalilan ƙarancin mutuwa

Masu nazari, ciki har da likita Eldon Chuinard wanda ya wallafa littafi a kan batun a 1979, sun lura cewa kaɗan ne daga cikin magungunan ke da amfani na gaske: ofiyom yana rage zafi da gudawa, sinkona yana maganin zazzaɓin cizon sauro, ruwan ido yana ɗan sanyaya kumburi. Zubar da jini da zaiba kuwa cutarwarsu ta fi amfaninsu. Abin da ya fi taimakawa shi ne irin mutanen da aka zaɓa, samari marasa aure masu ƙarfi da suka saba da daji. Sun sami nama mai yawa a filayen ɓauna, sun kuma ci 'ya'yan itatuwa da saiwoyi, waɗanda Sacagawea ta san da yawa daga cikinsu. Ƙabilun Mandan, Shoshone da Nez Perce sun ba su masara, dawaki, jagora da mafaka a lokutan da suka fi rauni. Ba su kuma daɗe a wuri mai cunkoso ba, kuma ba su ci karo da annoba ba, ko da yake sun ga kufan ƙauyukan da agana ta share a shekarun baya. Annobar 1837 ta kusa ƙarar da Mandan ɗin da suka sauke su.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa tasiri. A shekarar 1805 ɗin, Mungo Park, wanda shi kansa likita ne, ya tashi daga Gambiya don bin Kogin Kwara tare da wani likitan, Alexander Anderson. Damina ta riske su a hanya. Park ya rubuta a watan Nuwamba cewa daga Turawa 44 da suka taso, biyar suka rage, yawancinsu zazzaɓi da atini suka kashe, shi ma ya mutu a Bussa a 1806. Nau'in zazzaɓin cizon sauro na Afirka ta Yamma ya fi na kwarin Missouri kisa nesa ba kusa ba. Sai a 1854 William Baikie ya shiga Kwara da Binuwai yana ba mutanensa kwinin kullum, ya fito ba tare da Bature ko ɗaya ya mutu ba.

Alamun da suka rage

A shekarar 2002 masu binciken kayan tarihi sun gano zaiba a ƙasar wani tsohon ramin bahaya kusa da garin Lolo na jihar Montana. Wannan ya taimaka wajen tabbatar da ainihin wurin zangon da ayarin ya sauka a 1805 da 1806, domin zaibar ƙwayoyin Rush ba ta narkewa a ƙasa. A kan kabarin Floyd kuma akwai hasumiya mai tsawon kimanin mita 30, wadda aka kammala a 1901.